Tsigewa hukuncin cin amana ne, ba bulalar maigida ba

Ran nan da daddare ina zaune wurin mai shayin unguwarmu a Mabera, rediyo na kan benci, sai aka karanto labarin wata majalisar jiha da ta aika wa mataimakin gwamna takardar tuhuma. Ba a ma kai ƙarshen labarin ba wani dattijo da duk muke kira Baba ya aje kofinsa ya ce, "To, mi yah haɗa shi da maigida nai?"

Nan take kowa ya kama. Wani ya ce takara mutumin ke so. Wani ya ce an gan shi gidan wani jigo na wata jam'iyya. Wani ya rantse rabon kujeru aka yi ba da shi ba, shi ya sa ya fara ƙunƙuni. Mun kusa awa ɗaya ana wannan muhawara, mu takwas, kuma babu ko mutum ɗaya da ya tambayi abin da mutumin ya yi wa jama'ar jiharsa.

Na koma gida abin yana cina. Ban ga laifin Baba ba. Abin da ya saba gani shekara da shekaru shi ya faɗa. An koya mana, da aiki ba da baki ba, cewa tsigewa horo ne da ake yi wa wanda ya ɗaga wa babba kai. Ni kuwa abin da na tsaya a kai shi ne: an sa tsigewa a cikin doka don jama'a su iya karɓe amanarsu daga hannun wanda ya ci ta, tun kafin wa'adinsa ya cika. Duk tsigewar da ba a iya nuna abin da aka yi wa jama'a a cikinta ba, fashi ne da rigar doka. Haka kuma majalisar da ta ga ɓarna ƙiri-ƙiri ta kau da kai, ita ma ta ci amanar da ta rantse a kai. Waɗannan biyun ciwo ɗaya ne, kuma na biyun ya fi yi mana illa ko da yake ba a cika maganarsa ba.

Kalmar da muka cika wa kaya

Tsige a bakin Bahaushe aiki ne da an riga an gama. Ka tsige ƙaya, ka tsige ciyawa, abin ya rabu da inda yake. Shi ya sa a Disambar 2019, da labari ya bazu cewa an tsige Donald Trump, mutane da dama a nan suka ɗauka ya tattara nasa ya nasa. Gari ya waye yana kan kujerarsa. Abin da majalisar wakilan Amurka ta yi tuhuma ce kawai. Majalisar dattawa ke yin shari'ar, kuma sai kashi biyu bisa uku sun yarda kafin a sauke shugaba. An yi wa Andrew Johnson haka a 1868, an yi wa Bill Clinton a 1998, an yi wa Trump sau biyu, a 2019 da 2021, kuma babu wanda aka sauke cikinsu. Richard Nixon kuwa murabus ya yi a 1974 da ya ga ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

A nan gida ma mun haɗa abubuwa daban-daban a ƙwarya ɗaya. Na tuna 2008, lokacin da kotun ɗaukaka ƙara ta soke zaɓen gwamnan Sakkwato Aliyu Magatakarda Wamakko, kakakin majalisa ya riƙe jihar na ɗan lokaci har aka sake zaɓe. A kasuwa da tasha ana ta cewa an tsige gwamna. Wannan soke zaɓe ne, maganar yadda aka hau kujera, ba maganar abin da aka yi a kanta ba. Sauke Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi da gwamnatin soja ta yi a 1996 shi ma daban ne: umarni ne aka karanta, babu wakilan jama'a da suka zauna suka saurari kowa. Gwamna ya sallami kwamishina, wannan kora ce, wanda ya ɗauke shi aiki shi ya sallame shi.

Na tsaya kan wannan ne saboda wanda ya ɗauka tsigewa da kora abu ɗaya ne, dole ya tambayi mi ya haɗa yaro da maigidansa. Kora tana da maigida. Tsigewa kuwa, in ma tana da maigida, to jama'a ne.

Abin da doka ta shimfiɗa

Sashe na 143 na kundin tsarin mulkin 1999 ya yi bayanin shugaban ƙasa da mataimakinsa, sashe na 188 kuma gwamna da mataimakinsa. Hanyar kusan iri ɗaya ce. Bari in kwatanta da majalisarmu ta Sakkwato mai kujeru 30, don lissafin ya fito fili.

Da farko sai mutum 10, wato kashi ɗaya bisa uku, sun sa hannu a takardar tuhuma mai ɗauke da laifuffukan dalla-dalla, su miƙa wa kakaki. Cikin kwana 7 kakaki ya kai wa wanda ake tuhuma kwafinsa, ya raba wa kowane ɗan majalisa, in ya ba da amsa ita ma a raba. Cikin kwana 14 majalisa ta yanke ko a bincika ko a bari, kuma nan sai mutum 20 sun yarda. Ba 20 cikin waɗanda suka zo zama ba ne ake nufi da kashi biyu bisa uku, lissafin daga dukan 'yan majalisa ake yin sa.

Daga nan abin ya bar hannun 'yan siyasa na ɗan lokaci. Babban jojin jiha zai naɗa mutum bakwai da aka shaide su da gaskiya, waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba ne, ba 'yan majalisa ba, ba kuma 'yan wata jam'iyya ba. Suna da wata uku su yi bincike. Wanda ake tuhuma yana da haƙƙin kare kansa, da bakinsa ko ta lauyan da ya zaɓa. In suka ce ba a tabbatar da laifi ba, magana ta mutu nan, doka ta hana a ci gaba. In suka ce an tabbatar, majalisa ta sake zama cikin kwana 14, a sake neman mutum 20. Sai an same su kujera ke kuɓucewa.

Duk wanda ya karanta wannan da idon basira zai ga an tsawaita hanyar da gangan. An sa ƙofofi da yawa don kada fushin dare ɗaya ya rushe abin da dubban mutane suka tsaya cikin rana suka zaɓa. Amma an bar rami ɗaya babba. Laifin da ake tsigewa a kansa shi ne mummunan saɓa wa tsarin mulki, ko kuma duk wani rashin ɗa'a da majalisar ke ganin ya kai a kira shi mummuna. Wannan "ke gani" ita ce kafar da aka riƙa shigo da kura cikin garke.

Me aka yi da wuƙar?

Gwamnan farko da aka tsige a Najeriya ɗan Arewa ne, Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na tsohuwar jihar Kaduna, ranar 23 ga Yunin 1981. Shi ɗan PRP ne, majalisa kuma NPN ke da rinjaye. Kusan shekara biyu yana mulki ba kwamishinoni, don majalisa ta ƙi amincewa da sunayen da yake aikawa. Har ya koma ga Allah a 2020 mutane na shaidarsa da rashin tara abin duniya. Da wannan ƙafa muka fara.

Sai guguwar 2005 da 2006, inda gwamnoni biyar suka faɗi cikin ƙasa da shekara ɗaya: Diepreye Alamieyeseigha na Bayelsa, Rashidi Ladoja na Oyo, Ayo Fayose na Ekiti, Peter Obi na Anambra da Joshua Dariye na Filato. Na Ladoja ya fi tsaya mini a rai. Rikici ne ya ɓarke tsakaninsa da ubangidansa na siyasa, Lamidi Adedibu. 'Yan majalisa 18 cikin 32 suka koma wani otal a Ibadan suka fara shirin tsige shi, alhali doka na neman 22. Wata goma sha ɗaya yana waje kafin Kotun Ƙoli ta ce abin da aka yi banza ne, ya koma ofis a Disambar 2006. Peter Obi ma kotu ta mayar da shi a farkon 2007.

Na Dariye kuwa darasi ne ga masu cewa in dai mutum ɓarawo ne, ko ta wace hanya a kawar da shi. 'Yan majalisar da suka tsige shi ba su kai goma ba cikin 24. Kotu ta rushe aikin, ya dawo ya ƙarasa wa'adinsa. Shekaru bayan haka, a 2018, wata kotun ta same shi da laifin karkatar da kuɗin jihar ta yanke masa ɗauri. Wato akwai abin tuhuma na gaske, amma gaggawa da karan tsaye ga doka suka mayar masa da kujerar da aka so raba shi da ita. Wanda ya bi ta taga don kama ɓarawo, shi ma sai ya amsa tambaya.

Mataimaka kuwa su suka fi shan wuya, domin su ba su riƙe da baitulmali. A Bauchi, Isa Yuguda ya bar ANPP ya koma PDP a 2009, mataimakinsa Garba Gadi ya ƙi binsa, aka tsige shi, kotu ta dawo da shi. A Taraba an tsige Sani Abubakar Ɗanladi a 2012, Kotun Ƙoli ta dawo da shi a 2014. A Kogi a 2019 abin ya wuce misali: kwamitin mutum bakwai ya ce ba a tabbatar da zargin da ake yi wa Simon Achuba ba, majalisa ta tsige shi duk da haka. Ga maƙwabtanmu Zamfara: Bello Matawalle ya koma APC a 2021, mataimakinsa Mahdi Aliyu Gusau ya tsaya a PDP, a Fabrairun 2022 aka tsige shi. Hukuncin kotun da ya ba shi gaskiya bai zo ba sai bayan wa'adin ya ƙare. Ihu bayan hari.

Mu a Sakkwato mun ga irin wannan saɓani har sau uku, sai dai ya ƙare ta wata hanya. Wamakko ya aje muƙamin mataimaki a 2006 bayan sun ɓata da Attahiru Bafarawa. Mukhtari Shehu Shagari ya tsaya a PDP lokacin da Wamakko ya koma APC, kuma ya ƙarasa wa'adinsa har 2015. Ahmed Aliyu ya tsaya a APC da Aminu Waziri Tambuwal ya koma PDP a 2018, daga baya ya yi murabus ya shiga takara. Na Mukhtari Shagari ya isa hujja cewa gwamna da mataimaki na iya zama a jam'iyyu biyu, jiha ba ta rushe ba.

Ka jera waɗannan duka ka duba. Sau nawa asibitin da ba magani ya jawo tuhuma? Sau nawa albashin malamai da aka riƙe, ko fanshon tsofaffi, ko kwangilar da aka biya ba a yi ba, ya sa mutum goma suka sa hannu a takarda? Ana rubuta irin waɗannan a cikin tuhuma, gaskiya ne, amma sai bayan an ɓata ake tuno su. Muddin ana shiri, ba a ganin komai.

"Ai siyasa ce, haka ta gada"

Wannan ita ce amsar da aka fi ba ni. Wani abokina lauya ya ce mini, Malam, tsigewa ba shari'ar kotu ba ce, 'yan siyasa aka ba wuƙar, kuma doka da kanta ta ce kotu kada ta sa baki. Akwai gaskiya a maganarsa. Ƙaramin sashe na 10 a cikin sashe na 188 ya faɗi haka. Kuma an ba majalisa aikin ne saboda akwai ɓarnar da ba ta cikin kundin laifuffuka. Gwamnan da ya kashe kuɗi ba tare da kasafi ba, ko ya ƙi bin hukuncin kotu, ko ya bar jiha ya yi zamansa waje ba sanarwa, ɗan sanda ba zai iya kama shi ba, amma ya karya alkawarin da ya yi da Alƙur'ani a hannu.

Sai dai siyasa ba ta nufin ka yi abin da ka ga dama. A shari'ar Ladoja Kotun Ƙoli ta bayyana cewa wannan kariya daga kotu tana aiki ne kawai in majalisa ta bi matakan ɗaya bayan ɗaya, kuma ba kowane kuskure ke kaiwa ga mummunan laifi ba. Uwar adashi ma tana da ikon cire wadda ba ta zubi. Wannan iko bai ba ta damar cire wadda ta ƙi zuwa bikin 'yarta ba, ko da duk matan unguwa sun ɗaga hannu.

"Mataimaki yaron gwamna ne"

A tebur ɗin shayin nan wani ya ce, wanda ka ɗauko ka ɗora, in ya juya maka baya ai butulci ne, kuma butulci laifi ne. Na fahimci inda maganar ta fito. Mun taso cikin kasuwa inda yaron shago ke zama ƙarƙashin maigida shekaru har a sallame shi da jari, kuma wanda ya ci amanar maigida ba ya ganin da kyau.

Amma kujerar mataimaki ba shagon kowa ba ce. Tsarin mulki ya ce takarar gwamna ba ta inganta sai da abokin takara, kuma ƙuri'ar da ta zaɓi ɗaya ita ta zaɓi ɗayan. Albashinsa daga asusun jiha yake fita. A 2007 Kotun Ƙoli ta yanke cewa Atiku Abubakar bai rasa kujerar mataimakin shugaban ƙasa ba don ya bar PDP, ko da yake Obasanjo ya so haka. Kuma a Bauchi da Zamfara wa ya sauya? Mataimakan suna nan a jam'iyyar da suka hau kujera a ƙarƙashinta. In akwai wanda ya kamata a tambaya me ya yi da amanar masu zaɓe, ba su ba ne.

"A bar wa kotu, ko a jira zaɓe"

Sashe na 308 ya sa wa shugaban ƙasa, gwamna da mataimakansu rigar kariya. Muddin suna kan kujera ba a gurfanar da su, ba a kama su. EFCC na iya tara takardu, amma sai ta jira. To in kotu ba ta iya taɓa mutum, majalisa kuma ta ƙi taɓa shi, wa ya rage? Rigar kariya da tsigewa tare aka ɗinka su. An yarda a kare shi daga ƙararraki don ya samu natsuwar aiki, bisa sharaɗin cewa akwai masu iya cire masa rigar in ya ɓata. Mun riƙe rabin yarjejeniyar mun yar da rabi.

Jiran zaɓe kuma magana ce mai sauƙi ga wanda ke da abin da zai ci. Shekara huɗu ita ce daga aji uku zuwa gama firamare. Yaron da ya yi su a makarantar da ba malami ba za a maido masa da su ba. Manomin Sabon Birni ko Isa da ya rasa damina huɗu saboda ba ya iya zuwa gona, ba a ce masa ya yi haƙuri har zaɓe a zauna lafiya. Ban ce kowace matsala laifin gwamna ba ce, tsaro ma yawancinsa a hannun tarayya yake. Abin da nake cewa shi ne dole a samu wurin da za a tsayar da shugaba a tambaye shi kafin shekara huɗu, kuma ya san tambayar tana da haƙori.

"Mulki na Allah ne, a guji fitina"

Wannan ta fi kowace nauyi a garinmu, kuma ba zan yi mata riƙon sakainar kashi ba. Mun san abin da rikicin shugabanci ke haifarwa. Ekiti ta faɗa dokar ta-ɓaci a 2006 sanadin tsigewa. A Ribas ma, a Maris ɗin 2025, ana tsakiyar yunƙurin tsige Gwamna Siminalayi Fubara aka ayyana dokar ta-ɓaci. Mai tsoron fitina yana da dalili.

Amma tambayar shugaba ba baƙon abu ba ne a addininmu. Sayyidina Abubakar a hudubarsa ta farko ya ce wa mutane in ya yi daidai su taimake shi, in ya karkace su miƙe shi. Da mutanen Kufa suka kai ƙarar Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas, sahabi babba, Sayyidina Umar bai ce su wa ne ku ba. Ya kira Sa'ad ya ji ta bakinsa, ya aika aka bi masallatan Kufa ana tambayar jama'a. Ko da ya sauke shi, ya bayyana daga baya cewa ba don gazawa ko ha'inci ya yi ba, don kada sunan mutum ya ɓaci a banza. Dubi abin da ke ciki: an saurari masu ƙara, an saurari wanda ake ƙara, an yi bincike a fili, an kiyaye mutunci. A garin da aka kafa kan wa'azin Shehu game da zaluncin masu mulki, bai kamata a ce neman bahasin shugaba ta hanyar doka shi ne fitina ba. Fitinar Ekiti da Ribas daga wasa da dokar ta fito.

To a soke ta mana?

Wasu sun gaji har suna cewa a cire sashen gaba ɗaya, tunda ba a taɓa ganin amfaninsa ba. Ban yarda ba. Koriya ta Kudu ta sauke shugabanninta biyu ta wannan hanya, Park Geun-hye a 2017 da Yoon Suk Yeol a 2025, na biyun saboda ya ayyana dokar soja ya tura sojoji majalisa. Ba a yi juyin mulki ba, an yi zaɓe, ƙasa ta ci gaba. Mu da muka sha mulkin soja ya kamata mu fi kowa sanin darajar hanyar da ake sauke shugaba ba da bindiga ba.

Ciwon yana wurin masu riƙe da wuƙar. Majalisun jihohi da yawa sun zama 'yan amshin Shata, kuma dalilin a bayyane yake. Gwamna ke da ta cewa kan wanda jam'iyya za ta tsayar. Motar ɗan majalisa da kuɗin aikin mazaɓarsa ta hannun gwamnati suke biyowa. An gyara tsarin mulki a 2018 don majalisun jihohi su riƙa karɓar kuɗinsu kai tsaye, amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma tikitin takara ya fi kowane lada tsada. Shi ya sa majalisa ɗaya ke iya gama da mataimaki cikin 'yan makonni, ta kuma shekara huɗu ba ta kira kwamishina ɗaya ta titsiye shi kan kasafi ba.

Akwai gyaran da nake ganin ya kamata mu nema da babbar murya. A fayyace laifuffukan da ke kai ga tsigewa, a rage faɗin wannan "ke gani". A wajabta karanta tuhumar da amsar wanda ake tuhuma a gidajen rediyo, da Hausa, don mai sauraro a Gwadabawa ko Tambuwal ya auna da kansa. Zaman kwamitin mutum bakwai ya zama a buɗe. Kowane ɗan majalisa ya tashi ya faɗi ƙuri'arsa da sunansa, a rubuta. Sannan a sa wa kotu wa'adi kan shari'ar tsigewa kamar yadda aka sa wa shari'ar zaɓe, kuma kada a rantsar da magaji na dindindin sai ta yanke. Murtala Nyako na Adamawa an tsige shi a 2014, kotu ta ce ba bisa ƙa'ida ba a 2016, lokacin wani ya riga ya hau kujerar da sabon zaɓe.

Sauran aikin namu ne. Doka ta ba mu kiranye a kan ɗan majalisa, ko da yake hanyar na da wuya, sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓa sun sa hannu, kuma yunƙurin da aka yi wa Sanata Dino Melaye na Kogi a 2018 bai kai ko'ina ba. Amma kafin a kai ga kiranye akwai abin da ya fi sauƙi, wato sanin mutumin da kuma zuwa wurinsa.

Washegari na koma wurin mai shayi na tambayi mutanenmu sunan ɗan majalisar jiha mai wakiltar mazaɓarmu. Biyu suka sani. Sauran sun san gwamna, sun san sanata, sun san har mai ba gwamna shawara, amma ba su san mutumin da sa hannunsa ke cikin goman da doka ke nema ba. Baba ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, in mun tai wurin shi, mi za mu ce mai?" Na ce mu fara da asibitin unguwa: nawa aka ware masa a kasafin bana, nawa aka saki, wa ya karɓa. Mun sa ranar Asabar bayan La'asar, mu biyar, kuma Baba ne zai yi magana.